Yadda ake tsara bakof ga sabar da ke ɗauke da VM a ƙaramin ofis a Akra

Ƙananan ofisoshin da nake kula musu da kwamfuta tsakanin Nima, Mamobi da Madina kusan duk tsarinsu ɗaya ne yanzu. Saba guda, galibi Dell ko HP 'yar gwanjo, an ɗora mata Proxmox ko ESXi ko Hyper-V, manhajojin da ke raba na'ura ɗaya ta yi aikin kwamfuta da yawa, a cikinta kuma irin waɗannan kwamfutocin na manhaja, da ake kira VM, uku zuwa shida: ɗaya ta lissafin kuɗi, ɗaya ta fayilolin ma'aikata, ɗaya mai rumbun bayanan ɗalibai ko na magunguna. Tsarin yana rage kuɗin wuta da na ƙarfe, amma ya tara dukiyar ofis duka a akwati ɗaya. Wannan rubutu na ƙannena ne da aka danƙa wa irin wannan saba aka ce su kula da ita, kan yadda za su tsara mata bakof, wato kwafin bayanai da ake ajiyewa don ranar asara.

Kafin ka taɓa wata manhaja, ka sami mai wurin ka yi masa tambaya biyu. Ta farko: "Alhaji, in na'urar nan ta mutu da la'asar, aikin awa nawa yaranka za su iya sake shigarwa da hannu daga rasit?" Ta biyu: "Awa nawa ko kwana nawa za ku iya zama babu kwamfuta kafin ciniki ya tsaya?" Amsar farko ita ce RPO da kake gani a littattafai, ta biyu kuma RTO. Kusan kowane mai wuri zai ce maka ko minti ɗaya ba ya so a rasa. Sai ka faɗa masa kuɗin saba ta biyu, nan take zai tuna cewa rabin yini ma ba laifi. Makaranta mai zaman kanta tana iya jure asarar aikin yini guda, sai dai lokacin karɓar kuɗin makaranta da shigar da sakamakon jarrabawa. Mai canjin kuɗi ko dilan magunguna ba zai jure fiye da awa ɗaya ba. Mai shirya tafiye-tafiye kuwa lissafinsa a lokacin aikin Hajji daban ne da na sauran shekara. A kan waɗannan amsoshi biyu ake gina komai, ka rubuta su a takarda ya sa hannu.

Abu biyu ne ake yawan nuna mini a ce "ai muna da bakof": sinafshot da RAID. Babu bakof a cikinsu. A ESXi da Hyper-V, in ka ɗauki sinafshot, wato hoton yadda VM take a wannan lokacin, ainihin fayil ɗin diskin VM ɗin tsayawa yake yi cak, sabon rubutu kuma ya koma wani fayil na gefe da ke ta girma. Duka biyun a kan diski ɗaya suke, kuma na gefen ba ya da amfani in babu na asalin. Diskin ya mutu, sun tafi tare. Kamfanin VMware, mai ESXi, da kansa yana ba da shawarar kada sinafshot ya wuce awa 72, domin in ya daɗe yana cinye wuri, yana rage wa VM gudu, haɗe shi kuma ya zama aiki. Amfaninsa shi ne kafin sabunta manhaja: ka ɗauka, ka sabunta, in komai lafiya ka goge. RAID kuwa, wato haɗa diskoki su riƙa rufa wa juna baya, maganin mutuwar diski ne kawai. Fayil ɗin da sakatare ya goge bisa kuskure, a take yake gogewa a dukkan diskokin.

Daga ina za a ɗauki kwafin

Hanya biyu ce. Ko ka sa 'yar manhaja a cikin kowace VM ta riƙa kwashe fayiloli kamar yadda ake yi wa kwamfutar tebur, ko ka ɗauki VM ɗin ɗungurungum daga wajenta, ta hannun uwar sabar, wato ainihin na'urar da VM ɗin ke zaune a kanta.

Ta farkon tana da wurinta. In VM ɗin tana da diskin da aka haɗa mata kai tsaye wanda uwar sabar ba ta iya yi wa sinafshot, ko kuma haya kake yi a sabar wani ba ka da iko da tushenta, ba ka da zaɓi sai ita. Wahalarta ranar maidowa ce: sai ka ƙirƙiri sabuwar VM, ka tayar da ita da faifan ceto ko ka sake ɗora Windows, sannan ka fara zuba bayanai, Alhaji yana tsaye a bayanka yana duba agogo.

Ta biyun ita nake ba kowa shawara ya mai da ita ginshiƙi. Manhajar bakof tana sa uwar sabar ta tsayar da hoton diskin na ɗan lokaci, ta kwafe shi tare da saitin VM ɗin, wato ƙwaƙwalwa nawa, katin netwok nawa, sannan ta saki. Ranar maidowa VM ɗin take dawowa yadda take, ta tashi ta ci gaba da aiki. Abin da ya sa hanyar take da sauri shi ne ba a kwafe diskin duka kullum. Daren farko ne kawai ake ɗaukar komai, daga nan sai gutsattsarin da suka canja. Kowane gida da sunan da ya ba wannan dabara: CBT a VMware, RCT a Hyper-V tun daga Windows Server 2016, a Proxmox kuma wata taswira ce da QEMU, manhajar da ke tafiyar da VM ɗin, ke riƙewa ta wuraren da aka taɓa.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman, mu da muka san dumso, wato yawan ɗaukewar wuta. Taswirar Proxmox a ƙwaƙwalwa take zaune, tana nan ne muddin VM ɗin tana kunne. Da zarar an kashe ta, ko wuta ta ɗauke UPS ya ƙare, taswirar ta tafi, bakof na gaba sai ya karanta diskin daga farko har ƙarshe. Ba zai aika abin da ke ma'ajiya tuni ba, amma karatun kaɗai yana iya mai da aikin minti goma ya zama na awa biyu. CBT na VMware ma yakan sake lissafi daga tushe bayan mummunar ɗaukewar wuta. RCT ne aka gina shi yana ajiye lissafinsa a fayil kusa da diskin domin ya tsallake irin wannan. Saboda haka in ka ga bakof ya yi nauyi washegarin ɗaukewar wuta, ba lalacewa ya yi ba, ka bar shi ya gama.

Sai batun da mutane ke tsallakewa. Kwafin da aka ɗauka VM tana tsakiyar aiki daidai yake da diskin da aka zare wa wuta, sai fa in an sanar da na cikin su kammala rubutun da ke hannunsu tukuna. Masu isar da wannan saƙo su ne VMware Tools a ESXi, QEMU Guest Agent a Proxmox, da Integration Services a Hyper-V. A Windows suna magana da VSS, sashen da ke sa manhajoji su kammala rubutu kafin a ɗauki kwafi, a Linux kuma a tsayar da rubutu na ɗan daƙiƙu. A Proxmox ba sa manhajar a cikin VM kaɗai ba ne, sai ka kuma kunna zaɓinta a saitin VM ɗin, ka kashe ta ka sake tayarwa. Duk da haka, VM mai SQL Server ko MySQL ko PostgreSQL ina ƙara mata abu ɗaya: rumbun bayanan ya riƙa fitar da nasa kwafin zuwa fayil, kowace awa in lissafin kuɗi ne, fayil ɗin kuma a tura shi wata na'ura. Ƙaramin fayil ne, kuma shi ne ke ba mai canjin kuɗi awa ɗayan da ya nema ba tare da an sayi saba ta biyu ba.

Wace manhaja? In ESXi ko Hyper-V ne, Veeam ce aka fi sani, kuma tana da ta kyauta, Community Edition, mai ɗaukar na'ura har 10. Amma ka sani ESXi na kyauta ba ya buɗe ƙofar da manhajojin bakof ke bi su ɗauki VM daga waje, sai mai lasisi. Tun da Broadcom ya sayi VMware a Nuwamban 2023 ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma na haya, wanda da dala ake biya, ƙananan wurare da yawa sun fara kallon Proxmox. Ni ma can na fi karkata ga ofishin da kuɗin shigarsa da sidi ne. Proxmox yana da vzdump a jikinsa, wanda ke fitar da cikakken kwafi kowane lokaci, ya isa in VM ɗaya ko biyu ne ƙanana. Fiye da haka ka kafa Proxmox Backup Server, PBS a taƙaice, wanda ya fito a 2020. Yana yanka diski gutsure-gutsure na megabait 4, duk gutsuren da ya taɓa gani ba ya sake ajiye shi. VM huɗu masu Windows iri ɗaya sai su ci wurin da bai kai rabin abin da ka zata ba.

Masu VMware za su ga zaɓi uku na hanyar da bayanai ke bi: kai tsaye daga SAN (akwatin diskoki na daban da sabobi ke haɗuwa a kansa), HotAdd (inda ake jona diskin ga wata VM mai kwafa), da NBD ta netwok. A saba guda mai diskinta a ciki babu maganar SAN. Ka fara da NBD, in ya yi jinkiri ka gwada HotAdd.

Inda kwafin zai zauna

Nan ne aikin yake. Na sha tarar da sabar bakof an yi ta a matsayin VM a kan ainihin sabar da take karewa, ma'ajiyarta ma a diski ɗaya. Wannan kulle makulli na biyu ne a cikin ɗakin da zai buɗe. Na'urar bakof akwati ne daban, mai wutarsa da diskokinsa. Ba sai mai tsada ba: tsohuwar kwamfutar tebur mai ƙwaƙwalwa gigabait 8 zuwa 16, SSD ƙarami na manhaja, da diski biyu manya da ZFS, tsarin ajiyar fayiloli, ya haɗa su suna kwafin juna. In za ka sayi diski a Circle ka duba lambarsa a intanet kafin ka biya, ka tabbatar CMR ne ba SMR ba, domin SMR yana durƙushewa in rubutu ya yi yawa. Ka kuma karanta awannin da ya yi yana aiki ta SMART, kada a sayar maka da tsoho a sabon kwali. Girman da za ka saya, ka fara da ninki biyu zuwa uku na abin da VM ɗin suka cinye a zahiri, bayan wata guda ka duba yadda yake cika ka gyara lissafi.

Raba akwati bai isa ba, sai an raba makulli. Masu garkuwa da bayanai sun daɗe da gane cewa in sun kulle uwar saba sun kulle komai lokaci guda. A Fabrairun 2023 harin da aka sa wa suna ESXiArgs ya kulle dubban sabobin ESXi a duniya, ta wata tsohuwar ɓaraka da aka fitar da maganinta tun 2021 mutane ba su sa ba. Kuma irin waɗannan ɓarayi bakof suke fara nema su goge. Don haka kada ka shigar da na'urar bakof cikin Active Directory na ofis, wato tsarin Windows mai riƙe da sunaye da kalmomin sirrin kowa, kada kalmar sirrinta ta yi kama da ta kowace na'ura, kada kuma ma'ajiyar ta zama fayil ɗin da kowa ke gani a netwok. A PBS ka ba uwar sabar izinin DatastoreBackup kaɗai, wanda ke iya ajiyewa da maidowa amma ba ya iya gogewa, aikin share tsofaffin kwafi kuma ka bar shi a hannun PBS ɗin kansa. A Veeam, tun daga fitowa ta 11 a 2021, akwai ma'ajiyar Linux da ke kulle kowane kwafi na adadin kwanakin da ka zaɓa, ko mai kalmar sirrin Veeam ɗin bai isa ya goge shi ba kafin wa'adin ya cika.

Ƙa'idar da aka saba ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Wannan ɗayan na waje ne ke ba mu wuya, domin littattafan da suka ce kawai ka tura shi kilawud, wato ma'ajiyar haya ta intanet, ba a Nima aka rubuta su ba. Yi lissafin da kanka. Terabait ɗaya a layin megabit 20 yana ɗaukar kwana huɗu da rabi da ɗoriya, in layin bai yanke ba ko sau ɗaya. Terabait ɗin nan a wayar netwok ta gigabit cikin ofis awa biyu da rabi ne zuwa uku. Turawa kullum ba matsala ba ce tunda canji kaɗai ake aikawa, dawowa da shi duka ranar da saba ta ƙone ita ce matsalar. Sannan kowa ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala lokaci guda, intanet ya yi rauni a Gana da maƙwabtanta na kwanaki. Wanda kwafinsa na waje yake Turai ko Afirka ta Kudu a makon nan, kallonsa kawai yake yi daga nesa. Ga kuɗin wata-wata da dala, wasu kamfanonin ma har da kuɗin fitar da bayananka.

Ban ce a guji kilawud ba. Ƙananan fayilolin rumbun bayanai da na ambata, su kam a tura su can kullum, a ma'ajiya mai Object Lock, wanda ke hana goge fayil kafin wa'adinsa, in da hali. Amma manyan hotunan VM na fi so su zauna inda mota za ta kai ni. Mafi araha shi ne diskin USB biyu ko uku da ake juyawa: ɗaya a jone ana kwafa, ɗaya a gidan mai wurin, ranar Juma'a a musanya. Ingancin wannan hanya ya dogara ga mutum, in mai ɗauka ya yi tafiya ko ya manta, shi ke nan. Ka ɗora wa mutum ɗaya takamaimai, da littafin da zai sa hannu. Wanda ya fi shi shi ne PBS na biyu a wani gini, shi ne zai riƙa jawo kwafi daga na farko. Ka bar na wajen ya zama mai jawowa, domin ko an ci ofis da yaƙi babu makullin da zai kai ɓarawo can. In wurin yana da reshe a Kumasi, kamar yadda 'yan kasuwarmu da yawa ke da shago a Aboabo ko Asawase, ka cika na'urar a nan Akra ta wayar netwok tukuna, sannan a sa ta a mota a kai ta, daga nan canjin yini kawai zai riƙa bi ta intanet.

Wajen zaɓar gini na biyu ka tuna da ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 a Circle ya san abin da kogin Odaw ke yi. Ofis a Alajo da kwafi a Adabraka, duka a ƙasan bene, ruwa ɗaya ne zai ci su. Ka nemi tudu, ko aƙalla hawa na sama, na'urar kuma kada ta zauna a dandamalin ƙasa.

Duk abin da zai bar ginin a rufe shi da makullin sirri. Diskin da ke cikin jaka a trotro yana ɗauke da sunayen ɗalibai, lambobin fasfo ko bayanan marasa lafiya, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2012, Act 843, ta ɗora alhakin tsaronsu a kan mai riƙe da su. PBS yana rufe bayanai tun daga uwar sabar kafin su fita, kuma yana iya buga makullin a takarda. Ka buga biyu, ɗaya a akwatin ƙarfen ofis, ɗaya a hannun mai wurin a gida. In makullin a kan sabar da ta mutu kaɗai yake, kwafin nan ko wanda ya rubuta manhajar ba zai buɗe maka shi ba.

Ga wanda ya ce ba zai iya zama ko awa ɗaya babu kwamfuta ba kuma ya yarda ya biya, sai saba ta biyu da ke karɓar kwafin VM a kai a kai, ana iya tayar da ita nan take. Hyper-V Replica yana aikawa kowace daƙiƙa 30, ko minti 5, ko 15. Proxmox mai ZFS yana yi kowane minti 15 in ba ka canja ba. Wannan ƙari ne a kan bakof, ba madadinsa ba, domin ɓarnar da aka yi a ta farko tana isa ta biyu a zagaye na gaba.

Lokacin da za a riƙa ɗauka: manhajoji da yawa suna zuwa da tsakar dare a saitinsu, alhali a wuraren da nake zuwa janareta ba ya kwana a kunne, wasu ma kashe komai suke yi in an tashi. Ni nakan sa ɗaya da azahar, lokacin da ma'aikata suka fita salla da cin abinci, ɗaya kuma daf da tashi. Tunda canji kaɗai ake ɗauka, kafin a dawo daga masallaci an gama. Ka haɗa UPS da sabar ta wayar USB, ka sa NUT ko apcupsd, manhajojin da ke lura da UPS, domin in batir ya kusa ƙarewa ta kashe VM ɗin cikin tsari. Na'urar bakof ma tana buƙatar UPS, kuma in hunturu ya shigo ka buɗe su duka ka hure ƙura.

Kwafi nawa za a riƙe? Inda nake farawa: na kullum 7, na mako 4, na wata 6, wurin lissafin kuɗi kuma na wata 12. Dalilin tsofaffin shi ne ɓarna ba ta bayyana ranar da aka yi ta. Akanta zai zo a ƙarshen wata ya ce fayil ɗin da ya bari makonni uku da suka wuce ba haka yake ba. A PBS ka tsara aiki uku: mai cire tsofaffin kwafi, mai kwashe gutsattsarin da ba mai buƙatarsu, wanda sai ya gudana wuri ke dawowa, da mai tantancewa, wanda ke sake karanta abin da aka ajiye ya tabbatar bai ruɓe ba. Rahoton kowane aiki ya zo wayarka, na nasara da na gazawa, saboda in na gazawa kaɗai ka zaɓa, ranar da na'urar ta mutu gaba ɗaya shiru za ka ji ka ɗauka lafiya.

Sau ɗaya a wata ka maido da VM guda. Ka ba ta sabuwar lamba, ka cire mata katin netwok kafin ka kunna don kada ta yi karo da ta asali, sannan ka kira mai amfani da ita. "Hajiya, duba min rasit na ƙarshe da kika shigar jiya, yana nan?" Ita ce za ta gane in wani abu ya ɓace, kai tashin Windows kawai za ka gani. Ka duba agogo daga farko zuwa ƙarshe, ka gwada da awannin da mai wurin ya sa wa hannu. In bai shiga ba, PBS da Veeam duka suna iya tayar da VM kai tsaye daga ma'ajiya tana aiki ana kwafo ta a hankali, ka gwada wannan ma ka ga ko diskokinka za su ɗauka. Duk bayan wata uku gwajin ya zama daga kwafin waje, da makullin da ke takarda.

Bakof na VM ba ya ɗauke da saitin uwar sabar kanta. A Proxmox ka riƙa kwafe /etc/pve da /etc/network/interfaces zuwa na'urar bakof, a ESXi akwai umarnin vim-cmd mai fitar da saitin a fayil guda. Ka haɗa da takarda ɗaya mai adireshin kowace na'ura, wace VM ce ke fara tashi, inda makulli yake, da filas mai manhajar ɗora sabar daidai da wadda ke kai yanzu, ka sa su a ambulan tare da makullin. Ka rubuta takardar yadda yaron da ka koya wa aiki zai iya bin ta in kana Tamale ana biki wayarka ba ta shiga.